Duk safiya sai na ga jiƙa a ƙasan mota, ta ya zan gane abin da ke yoyo?

MaiCorolla06:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah masana mota a taimaka min. Corolla ce 2006 otomatik ta Amurka, shekara biyu kenan tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba banda su taya da batir. To yau kwana huɗu duk safiya in na ja baya zan fita sai in ga jiƙa a inda ta kwana, ba wani mai yawa ba kamar faɗin tafin hannu amma na jiya ya ɗan fi haka. Gidan haya nake kuma intalok ne a tsakar gidan, mai gidan har ya fara min wani irin kallo. Ba na so in je gareji ban san komai ba don kun san hali, kana cewa yoyo sai a ce sai an sauke inji. Ta ya zan gane ko mene ne ke zuba?

Dan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Wace kala ce, kuma ta wane ɓangare yake ɗiga, gaba ko baya, gefen direba ko na mai zaman banza? In ba ka faɗi wannan ba duk wanda ya ba ka amsa canka kawai ya yi.

Abu_Zazzau:
Ruwan AC ne malam, kwantar da hankalinka. Zafin nan kowa haka tasa ke yi.

MaiCorolla06:
@Dan_Kurna ta gaba ne, kamar ya fi karkata gefen dama. Kala kuwa wallahi ban iya tantancewa ba don intalok ɗin ja ne, duk abin da ya zuba a kai baƙi yake komawa. @Abu_Zazzau ni ma haka na zata da farko amma ai ruwan AC bushewa yake, wannan kuwa na dawo cin abinci da azahar na tarar da tabon yana nan.

OgaGareji:
Alhaji ba abin tada hankali ba ne tukuna, amma kar ka yi ta kallon ƙasa, ƙasa ba za ta gaya maka komai ba. Nemi kwali mai faɗi, irin na firij ko na talabijin, in da hali fari ko ka shimfiɗa farar takarda a kai, ka tura shi ƙarƙashin inji da daddare bayan ka dawo mota na da zafi, ka ɗora dutse kar iska ta ja shi. Kafin ka zaro shi da safe ka sa biro ka yi alamar inda taya ta dama take da inda ta hagu take da inda bamba ta tsaya, don yawancin mutane nan suke kuskure, su zaro kwali su juya shi su manta ina ne gaba.

In ka zaro sai ka dangwala da yatsa ka murza ka sansana. Baƙin mai kowa ya san shi, in sabo ne kalar zuma in ya tsufa baƙi, yana da santsi da ɗan kauri kuma yana warin inji. Man giya na otomatik ja ne in sabo ne kamar zoɓo, ya fi baƙin mai tsinkewa, in ya daɗe sai ya koma ruwan ƙasa har ya yi ƙauri. Na giyar hannu kuwa ba sai an gaya maka ba, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Man birki fari ne mai ɗan ɗorawa, santsinsa daban ne, kuma in ka zuba masa ruwa haɗewa suke ya wanke, saɓanin baƙin mai da zai taso saman ruwa. Kulant kuma, wato ruwan sanyaya inji da ake zuba wa lagireto, ya danganta da wanda aka zuba maka, na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na kasuwa yawanci kore, yana ɗan ƙamshin zaƙi-zaƙi kuma in ya bushe yana barin fari-fari kamar kanwa. Yi wannan ka dawo mana.

Hajiya_Camry:
Hhh kun tuna min farkon sayen motata. Na dawo daga kasuwa na faka sai yarona ya rugo wai Mama mota na fitsari, na leƙa na ga ruwa na tsiyaya kamar an buɗe famfo, hankalina ya tashi na kira baban su a ofis ina cewa inji ya fashe. Ya aiko bakanike tun daga wani gari guda, mutumin ya durƙusa ya taɓa ya ce Hajiya AC kika kunna ko, na ce e, ya ce to kuɗin mashin ɗina kawai za ki ba ni. Tun daga ranar na san in ruwa fari tas ne ba wari ba santsi kuma ta gefen dama wajen ƙafar mai zaman gaba, to ba komai. Ranar da ya daina ɗiga ƙasa ma ita ce matsala, don akwai lokacin da tiyon ya toshe ruwan ya koma ciki kafet ya jiƙe motar ta yi ta warin gumi sati guda.

Kawu504:
Yaran zamani da kwali da biro. Mu a zamaninmu yatsa za ka sa ka ɗan lasa, nan take ka san ko mene ne. Shekara goma sha takwas ina jan fijo Kano zuwa Jos ban taɓa shimfiɗa wa mota tabarma ba.

Nas_Malumfashi:
Kawu don girman Allah kar ka koya wa mutane lasa. Kulant ɗin nan akwai sinadarin etilin gilaikol a ciki, guba ne yana kashe ƙoda, kuma abin da ya sa ya fi haɗari shi ne zaƙin da yake da shi. Man birki ma danginsa ne. Wanda ke da ƙananan yara ko mage ko awaki a gida in ya ga kore ko jan ruwa ya kwanta a tsakar gida ya wanke shi nan take, kuma don Allah a daina zuba ragowarsa a robar lemo ana ajiyewa a kicin ko bayan ƙofa, yaro ba zai bambance ba.

Kawu504:
To malam likita na ji na karɓa. Mu dai lokacin ruwan rijiya muke ɗura wa lagireto shi ya sa ba mu mutu ba. Amma ku yarda da ni a abu ɗaya, a fijo da Hilux da duk motar da ke ja da baya kar a tsaya duba gaba kawai, a leƙa tsakanin tayoyin baya wajen difiransha, yana yoyo a hankali ba wanda ya kula sai ranar da ya fara kuka a hanya.

DirebanSharon:
Maganar ruwan rijiya ta Kawu tana da amfani fa, don wannan bayanin kala da Oga ya yi na masu zuba kulant ne. Mu a tasha rabin motocin fiyawota ake fasawa a zuba, to in irin wannan ta yi yoyo ba kore za ka gani ba ba ja ba, ruwan tsatsa za ka gani kamar shayin da ba madara, wani sai ya ɗauka man giya ne da ya tsufa. Bambancin shi ne ba ya santsi kuma yana bushewa ya bar jan tabo. Mai Corolla me kake zuba wa taka?

MaiCorolla06:
Gaskiya tun da na saye ta jan ruwa na tarar a ciki kuma shi nake ƙarawa. Na samo kwali wajen mai shagon unguwarmu, yau da daddare zan sa insha Allah.

OgaGareji:
Yauwa, amma kafin dare akwai abu ɗaya da ba ya jiran gobe, shi ne birki. Buɗe bonet yanzu ka duba ƙaramin farin gwangwanin roba da ke can ciki gaban direba, za ka ga an rubuta DOT 3 a murfin, ka ga ko man yana tsakanin layi biyun nan. Sannan ka shiga ka taka birki ka riƙe da ƙarfi kamar rabin minti, in ka ji feda na nutsewa a hankali tana tafiya ƙasa to kar ka fita da motar. Ka kuma leƙa cikin tayoyi huɗun ta ciki ko akwai wadda ta jiƙe. Sauran yoyon duk aljihu suke ci, wannan kuwa rai yake ci.

DirebanSharon:
Wallahi Oga ka faɗi gaskiya. Ni ya taɓa faruwa da ni a gangaren shiga Jos ta hanyar Saminaka, kwana uku ina ganin ɗan jiƙa a jikin tayar baya ina cewa kare ne ya yi fitsari, ashe bututun birki ne ya tsatsa ya huje. Na taka na ji ƙafata ta tafi har ƙasa ba komai, ga fasinja cike da mota, da giya da birkin hannu na samu na lallaɓa ta har ta tsaya. Da na fito ƙafata rawa take na kasa tsayuwa, wata tsohuwa a baya ko sanin abin da ya faru ba ta yi ba tana ta faɗa wai me ya sa muka tsaya a daji.

MaiCorolla06:
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa. Na duba yanzu, man birki yana kusa da layin sama, feda da ƙarfinta, tayoyi a bushe. Baƙin mai kuma na zaro geji, wato ƙarfen awon mai, yana tsakiyar alamomi biyun nan, alhali sati uku da suka wuce da aka yi sabis a cike yake.

Dan_Kurna:
To ai ka bar babban labari a baya malam, ashe kwanan nan aka yi sabis. Duk yoyon da ya fara bayan sabis wajen wanda ya yi sabis ɗin ake fara nemansa. Ko filta ba ta ɗauru ba, ko robar tsohuwar filta ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kai, ko kuma yaron gareji ya zubar da mai a jikin inji lokacin ɗurawa yana ta gangarowa a hankali.

Bamaradi_227:
Salamu alaikum, daga Maraɗi nike. Abin da Dan_Kurna ya ce shi ne, nan ma in anka yi bidanj, wato canjin baƙin mai, ba a canza 'yar washa ta notin ƙasa ba haka ta ke yi. Washar nan ta alminiyam ce ko tagulla, sau guda a ke matse ta ta lotse ta toshe, in an maida tsohuwa sai yaro ya ga tana ɗiga ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi har ya cinye zaren kaskon mai, abin dala kaɗan ya koma na jikkuna. Ka sa hannu ƙasa ka shafa kan notin in da ɗigon mai rataye to ga ɓarawonka.

Dan_Acaba_Ritaya:
Ni dai shawara ta kyauta, ka bar wahalar da kanka. Mota ta kusa shekara ashirin dole ta yi gumi. Ka daina zuba mata tsinkakken man nan ka koma mai kauri 20W-50, sannan ka ɗan zuba man birki kamar murfi biyu a cikin baƙin man, yana kumbura sil, wato robar da ke tare mai, yoyo ya tsaya cak. Na gwada a Golf ɗina ya yi.

OgaGareji:
Haba ɗan'uwa, kar ka kashe wa bawan Allah inji. E yana kumbura roba, shi ya sa kake ganin ya tsaya sati biyu ko wata, amma kumburin nan lalacewa ce, robar laushi take ta saki, kuma ba sil ɗin da ke yoyo kaɗai yake taɓawa ba duk wata roba da mai ke bi sai ya taɓa ta. Ranar da za ta dawo ta ko'ina za ta dawo. Man birki ba a yi shi don ya gauraya da baƙin mai ba. Shi kuma mai kauri, injin Corollan nan 5W-30 aka rubuta masa a murfi kuma yana da VVT-i, na'urar daidaita lokacin buɗe bawul, da ke aiki da matsin mai ta ƙananan hanyoyi, kauri ba ya toshe rami, rage gudun ɗigar kawai yake.

Dan_Acaba_Ritaya:
Oga ku dama ba kwa son abin da zai hana a zo gareji hhh. Golf ɗin dai tana nan tana tafiya.

Abu_Zazzau:
Tana tafiya ko ana tura ta? Ba ita ce ka ce mana watan jiya kana neman injin beljiyam a kasuwar Panteka ba?

Dan_Acaba_Ritaya:
Wannan matsalar ruwa ce daban, kar ka haɗa.

MaiCorolla06:
Barkanmu da safiya. Ga sakamakon kwali. Wuri biyu ne ashe ba ɗaya ba. Na farko babba ne can baya kaɗan ta dama, da na zaro ya riga ya kusa bushewa kwalin ya yi laushi kawai ba kala ba wari, ina ga wannan na AC ne kamar yadda Abu_Zazzau ya ce. Na biyun ƙarami ne ɗigo kamar shida a wuri ɗaya, ta dama shi ma, ciki kaɗan daga taya amma ta bayan inji ba ta gaba ba. Yana da maiƙo, kalarsa ruwan ƙasa mai duhu, da na ɗaga shi a rana sai na ga kamar da ɗan ja-ja a gefen amma ban tabbata ba ko idona ne. Notin ƙasa da Bamaradi ya ce na shafa, a bushe yake, filta ma haka.

Abu_Zazzau:
Kun gani ko, rabin maki nawa ne.

Injiniya_Gwale:
Dabara ɗaya da za ta raba gardamar kala. Ɗauki farar takarda ka zaro gejin baƙin mai ka ɗiga ɗaya, ka zaro na giya ka ɗiga ɗaya a gefe, ka buɗe gwangwanin man sitiyari ka ɗiga ɗaya, sai ka jera su kusa da na kwalin ka kwatanta a rana. Motarka ce za ta ba ka amsa ba mu ba, don ba mu san kalar da mayukanka suka koma ba. Giya dai na cire ta a lissafi, a Corolla giya gefen direba take, dama kuwa wajen su bel ne da famfon sitiyari.

Mai_EOD:
A dai riƙa cewa a Toyota, don kar mai tsohuwar Honda ya karanta ya ruɗe. Su Accord na kafin 2003 masu silinda huɗu da tsofaffin Civic a juye suke, inji gefen direba giya gefen dama. Daga EOD, wato Accord ta 2003, ne suka koma irin na kowa. Kuma mu man sitiyarinmu ba ja ba ne, Honda nata daban take da shi fari-fari mai ɗan ruwan zuma, wanda ya zuba mata ATF, wato jan man giyar otomatik, zai ga yoyon da bai taɓa gani ba.

Bamaradi_227:
Wane man sitiyari kuma a Corolla? Tawa 2005 ce ba ta da gwangwanin nan ko kaɗan, sitiyarinta na lantarki ne.

Injiniya_Gwale:
Taka ta Turai ce shi ya sa, irin waɗanda ke shigo muku ta Kwatano, su tun a wannan ƙirar aka sa musu na lantarki. Ta Amurka kuwa daga 2003 zuwa 2008 na mai ne kuma ATF ake zuba mata, jan nan irin na giya, sai daga 2009 ta koma lantarki. Shi ya sa ɗan ja-jan da ya ce ya gani ya sa ni tunani. Amma fa ga inda abin yake da rikici, injin nan 1ZZ yana da wata sananniyar cuta, tenshonar sarƙar taimin, wato abin da ke ɗame sarƙar cikin inji. Tana bayan inji ta dama wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, noti biyu ne ke riƙe da ita kuma 'yar robar zobe ce ke hana mai fita, in ta tsufa ta bushe sai mai ya riƙa tsattsafowa yana gangarawa, kuma famfon sitiyari yana nan ƙasa da ita. Sai ka ga famfo jage-jage da mai a ce maka famfo ne, ka sayi wani a ɗaura, bayan kwana uku sabon ma ya jiƙe. Mutane da yawa sun yi asarar nan. Inda ka kwatanta ɗin nan ko wanne a cikin biyun zai iya zama.

OgaGareji:
Injiniya ya gama magana. Ƙari na kawai shi ne gaskit ɗin murfin saman inji, shi ma ta kusurwar nan yake son sakin mai. Kuma a sani inda mai ya ɗiga ba nan ne inda ya fito ba, daga sama yake gangarowa yana bin ƙarfe, in kana gudu kuma iska ta kwashe shi ta yi baya da shi ta shafe ƙasan motar duka. Mu abin da muke nema shi ne wuri mafi sama kuma mafi gaba da ya jiƙe. To da yake ƙurar garin nan ta riga ta haɗu da mai ta zama kwaɓa ba za ka ga komai ba sai an wanke. A wanke wajen da kyau a bar shi ya bushe, ka samo hodar yara ka barbaɗa a bayan injin da jikin famfo da tiyoyinsa har su yi fari, ka yi zagaye na minti ashirin ka dawo ka haska da tocilan waya. Hanyar man za ta fito a cikin hodar kamar sawun maciji a rairayi, sai ka bi ta zuwa sama.

Hajiya_Camry:
Wankin inji kuma a yi hattara da masu injin feshi. Ni an taɓa wanke min a wani wurin wanki motar ta ƙi tashi, da ta tashi kuma tana ta kakkarwa, ashe ruwa ya shiga ramin fulogi. Ka tsaya a kansu, a rufe altaneta da akwatin fiyus da leda kuma inji ya huce tukuna.

Kawu504:
Hodar yara a inji, ikon Allah. Saura turare. Amma dai dabara ce mai kyau ban ƙi ba. Mu abin da muka sani na hanya shi ne in lagireto ya huje a daji ka zuba garin barkono ko ka fasa ɗanyen ƙwai a ciki, yana bin ruwa ya je ya toshe hujin ya kai ka gari.

Injiniya_Gwale:
Kawu yana kai mutum gari kam in hujin ƙarami ne, amma lagireton fijo 504 na tagulla ne mai manyan hanyoyi ana buɗe shi a soke a wanke a yi masa walda. Na yanzu alminiyam ne da kan roba hanyoyinsa sirara, ƙwan da ya toshe huji shi zai toshe su. Kuma tunda an zo maganar, don Allah kar wanda ya buɗe murfin lagireto mota na da zafi wai zai duba ko ruwa ya ragu, ruwan a matse yake ya wuce zafin tafasa, kana sassauta murfi zai yi tsiri ya wanke maka fuska. A duba a jikin robar ajiyar da ke gefe, ko a bari sai da safe.

Malama_Sabongari:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ba na ganin komai a ƙasa amma ruwan lagireto kullum raguwa yake, duk kwana uku sai na ƙara kusan rabin gora. Ina yake tafiya?

OgaGareji:
Malama wani yoyon sai inji ya yi zafi yake buɗewa kuma yana faɗawa kan ƙarfe mai zafi ya ƙone kafin ya kai ƙasa, ki duba bakin tiyoyi da jikin famfon ruwa da inda robar kan lagireto ta haɗu da ƙarfe ko za ki ga fari-fari ko tsatsa ta bushe. Murfin lagireto ma in ya mutu yana zubar da ruwa a hanya ba ki sani ba. In duk babu to ki buɗe murfin baƙin mai ki duba gejin, in kin ga ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na farin hayaƙi mai yawa har bayan mota ta yi zafi, to ciki yake shiga, gaskit ɗin kan silinda ne, kar ki ƙara ja. Ɗan ruwan da salansa ke ɗigarwa da sanyin safiya kuwa musamman da hunturu ba komai ba ne. Ki sa a yi miki gwajin famfo, ana ɗaura shi a bakin lagireto a buga iska mota a kashe, inda ke yoyo zai nuna kansa.

Dan_Kurna:
Ba wanda ya ambaci fetur. Shi ba ya barin tabo don kafin ka zo ya tashi, hanci ne ke kama shi. In kana jin warinsa da safe a inda mota ta kwana, musamman bayan ka cika tanki, a duba tiyon da ke gangarawa tanki da saman tankin ƙarƙashin kujerar baya. Maƙwabcinmu a rufaffen gareji yake ajiye tasa ga janareta a gefe, Allah ne ya kiyaye matarsa ta ji warin.

DirebanSharon:
Tun da aka cire tallafi a 2023 ai ba mai barin fetur ya ɗiga, da cokali za mu tare shi hhh.

MaiCorolla06:
Jama'a na gode ƙwarai, ga inda aka kwana. Na yi gwajin takarda na Injiniya, man giya ja ne sosai don haka ba shi ba ne. Man sitiyari kuwa ashe ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, kusan kalarsu ɗaya da baƙin man, na kwalin kuma yana tsakaninsu wallahi na kasa cewa ga wanda ya fi kama. Gwangwanin sitiyarin ya sauka ƙasa da layi kaɗan amma ban san yaushe rabon da a duba shi ba don ni ban taɓa buɗewa ba. Na kai an wanke jiya na tsaya a kansu kamar yadda Hajiya ta ce, na barbaɗa hoda har madam na tambaya ina hodar yarinya ta shiga. Bayan zagaye na haska, akwai siririn layi da ya fito daga ƙasan wani ƙarfe mai noti biyu a bayan inji, ina ga ita ce tenshonar, amma kuma bakin tiyon da ya fito daga gwangwanin sitiyari wajen kilif shi ma hodar ta yi duhu. Yanzu wanne zan fara?

Injiniya_Gwale:
Tenshona. Ita ce ta bar layi, kuma baƙin manka ya sauka rabin geji a sati uku. Robar ba ta da tsada, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu, amma ka kai wa wanda ya taɓa yi don sai an danne ta an maƙala ƙugiyarta kafin a mayar sannan a juya inji da hannu ta saki, wanda bai sani ba zai bar maka sarƙa a sake.

OgaGareji:
Ni kuma da tiyon zan fara, kilif ne kawai ko a yanke bakin a sake turawa, minti goma. Sannan ɗigo shida a dare ba zai sauke rabin geji a sati uku ba Injiniya, ko dai ba a cika shi ba tun ranar sabis ko injin na ɗan shan mai ta ciki. Alhaji ka cika shi daidai layi a wuri mai daidai da safe, ka ɗauki hoton gejin da lambar kilomita, mu gani bayan sati.

Injiniya_Gwale:
Ɗigo shida a tsaye ne Oga, a kan hanya da matsin mai ai ba shida ba ne.

Dan_Kurna:
Ni har yanzu ban wanke yaron sabis ɗin nan ba.

MaiCorolla06:
To Asabar zan shiga gareji da kwalina da takardata, duk biyun zan sa a duba a gabana. Kafin nan na samo tsohon tire na zuba yashi na tura ƙasanta saboda mai gida.

Dan_Acaba_Ritaya:
Oga tunda kana kusa, Golf ɗin nan yau na ga wani kore-kore a ƙasanta ta gefen direba, ba irin na lagireto ba wannan yana da maiƙo. Na mene ne kuma wannan?